Su wa suka kafa ƙungiyarmu ta tseren kwale-kwale?

Ɗan Gungu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ke ci mini rai, kuma in ban faɗe shi a nan ba ban san inda zan faɗa ba. A walimar da kwamitin ƙungiyarmu ta tseren kwale-kwale a nan ƙasar Yauri ya shirya an karanta tarihin ƙungiya, aka ce Alhaji ne ya kafa ta ranar da ya kai sunanta ƙaramar hukuma aka yi rajista, ya kuma ɗinka wa yara riguna iri ɗaya. Daga nan tarihin ya fara, wai. Ba a ambaci mahaifina ba, Allah ya jiƙansa, ba a ambaci ko ɗaya daga cikin abokansa ba.

To ga abin da na sani. Da aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya taso ya haɗiye gungunanmu, wato tsibiran da ke cikin kogin, aka kwashe mutane kusan 44,000 daga garuruwansu zuwa sababbin matsugunai. Iyayenmu a gungu suka tashi, albasa suke nomawa a bakin ruwa, kuma ko gaisuwar makwabci mutum zai je sai ya shiga jirgi. Da aka dawo da su tudu, sai suka ga yaran da ake haifa suna tasowa ba su iya riƙon filafili ba. Wannan ya dame su ƙwarai. Suka yi karo-karo, suka sayi gungumen maɗaci aka sassaƙa musu jirgi mai tsawo, kowace Juma'a bayan La'asar su tara samari a mashaya a yi tsere zuwa wani kututture da ke tsaye cikin ruwa a dawo. Babu kofi, babu riga, babu mai ba su ko sisi. Ina da littafin da suke rubuta kuɗin wata a ciki. Su ne suka kafa wannan ƙungiya, ba baƙin da suka zo daga baya da biro da takarda ba.

Jikan Sarkawa: Wa alaikumus salam. Dakata Malam. Su wa ne baƙin? Fito fili ka faɗa.

Ƙaramin Matuƙi: Allah ya jiƙan Baba. Kawu, mu yara ba mu taɓa jin wannan labarin ba wallahi. Ka ɗauki hoton littafin ka sa mana.

Jikan Sarkawa: Yaro bari littafi tukuna, a fara ba ni amsa. Kowa a nan ya san Alhaji Basarke ne, a Yelwa aka yanke masa cibi, a nan aka binne kakansa. In shi baƙo ne, to mu duka Sarkawa, masuntan garin nan, baƙi ne ke nan. Haka kake nufi?

Ɗan Gungu: Ban ambaci Sarkawa ba. Na ce waɗanda suka shigo ƙungiya daga baya. Wanda ya tarar da tukunya a kan wuta bai isa ya ce shi ya hura ba.

Jikan Sarkawa: A'a, ba "waɗanda suka shigo daga baya" ka rubuta ba, "baƙi" ka rubuta, yana nan a sama kowa na gani. Kuma mun san abin da ake nufi in an faɗi wannan kalma a bakin ruwan nan. Tun muna yara muke jin ta. In an zo rabon wurin kafa taru mu baƙi ne, in jirgi ya kife ana neman wanda zai nutsa ya ciro gawa sai a tuna da mu.

Baban Tasha: Ɗana, ni na girme ku duka a nan, kuma na san mahaifinka. Mutumin kirki ne, ba ya kiran kowa baƙo. Ka janye kalmar a ci gaba da magana.

Ɗan Gungu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba zan janye ba, domin ban zagi kowa ba. Hausawa da kansu suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mu a ruwan nan aka same mu. Sunan Gungawa ma wasu suka sa mana saboda a gungu suka tarar da mu, mu Reshe muke ce wa kanmu, kuma da harshenmu.

Jikan Sarkawa: Kun ji ko? Yanzu ya fito. To bari in gaya maka, zaman gungu daban, sanin ruwa daban. Ku manoma ne masu jirgi. Albasa, gero, kokawa, ba wanda ya musa muku. Amma da tabki ya cika, tsawonsa ya haura kilomita 130, iska ta fara tayar da igiyar ruwa irin wadda ba a san ta ba a tsakanin gungu da gungu, wa ya san yadda ake fuskantar ta? Wa ya san jifan birgi da shimfiɗa mamari a ruwa mai zurfi? Kakanninmu tun zamanin Kanta suke bisa ruwa, sun bi Kwara har sun shiga Binuwai, har Garwa akwai danginmu. Mutanen da suka koya wa kogin nan gaba ɗaya su, su ne yau baƙi?

Malamin Makaranta: Jama'a a yi hankali. Maganar wanda ya riga wani zuwa Yauri ba a gama ta a zaure irin wannan. Akwai Gungawa, akwai Kambari, akwai Shangawa, Dukkawa, Lopawa, ga Hausawa, ga Nufawa masu jiragen fito da suka daɗe suna hawa da sauka. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi bincike mai zurfi a kan tarihin masarautar nan, wanda ke son ya sani ya nemi aikinsa. Ni dai abin da ya ja hankalina shi ne littafin kuɗin wata. Ɗan Gungu, da wane kuɗi aka rubuta?

Ɗan Gungu: Da ajami aka rubuta, Malam. Gaban kowane suna an sa "sule biyu", wani wurin "sule uku". Naira kuwa a Janairun 1973 ta fito. Ke nan kafin 1973 suka fara.

Magatakardan Zaure: Wannan ba hujja ba ce. Da aka canza kuɗi, sule ɗaya ya koma kwabo goma, kuma mutane suka ci gaba da ce wa kwabo goma sule shekara da shekaru. Ni da kaina an aike ni sayen ƙuli-ƙulin sule, kuma bayan canjin kuɗi aka haife ni. Sa'an nan wa ya ce littafin na ƙungiya ne? Zai iya zama na adashi.

Ɗan Gungu: Adashin da ake rubuta "kuɗin kwalta" da "kuɗin mai sassaƙa" a cikinsa? Haba Magatakarda. Ka ji tsoron Allah.

Malamin Makaranta: Maganar sule Magatakarda ya yi gaskiya, ba ta yanke hukunci. Amma ga wata hanya. Takardar rajistar da aka nuna a walima, sunan wace jiha ke kanta?

Ƙaramin Matuƙi: Kebbi ce Malam, tana rataye a ɗakin da muke ajiye filafilai.

Malamin Makaranta: To an ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. Kafin nan muna jihar Sakkwato tun 1976, kafin nan kuma jihar Arewa maso Yamma tun 1967. Duk takardar da ke ɗauke da sunan Kebbi ba ta girmi 1991 ba. In akwai wani abu na ƙungiya mai sunan Sakkwato, to ƙungiya ta girmi rajistarta.

Ɗan Gungu: Akwai! Akwai hoto a gidanmu, su Baba a cikin dogon jirgin, bayansa da hatimin mai hoto, kuma jihar Sakkwato aka rubuta. Allah ya saka da alheri Malam.

Jikan Sarkawa: Hoton maza a cikin jirgi? Wane gida ne a bakin ruwan nan babu irinsa? Malam, kai ma ka bi shi kuna ta lissafin shekaru, an bar maganar da ta kawo rigima. An kira mu baƙi, ba a janye ba.

Bakabe: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni abin da ka ba ni mamaki, kuna ta gardamar wa ya fara tseren jirgi kamar a Yauri anka fara shi. Mu Argungu tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da bikin su, muke wanga abu a bainar duniya. Kabanci ke nan: tseren kwale-kwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa da hannu. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Ku zo kogin Matan Fada ku ga tuƙi.

Ɗiyar Yelwa: Matan Fada? Ruwan da mutum ke shiga da ƙafa yana riƙe da gora da homa? Yaya, da girmanka. Ka zo Kwara lokacin da ruwa ya kawo ka tuƙa jirgi ka ƙetare, sa'an nan mu yi magana. Kuma bikin naku ai ya yi shekara goma a kwance kafin a tashe shi a 2020.

Bakabe: Ya kwanta ya tashi, ƙanwata. Rigatarku fa, bikin tseren jiragenku na Yauri, shekara nawa ta yi ba a ji ɗuriyarta ba?

Ɗiyar Yelwa: Rigata ta girmi 1934 nesa ba kusa ba. Masu shirya bikin kowace shekara suna faɗa, daga farautar dorina ta samo asali, mayaƙan gungu ke fita da jirage da zaguna, atisayen yaƙin ruwa ne. Da Turawa suka hana kashe dorina sai ta koma rakiyar amare da nuna bajinta, har aka yi wa Sardauna ita da ya zo Yelwa. Ku kuwa kifi kuke kamawa.

Ɗan Gungu: Madalla da kika ce mayaƙan gungu. Jikan Sarkawa ka ji da kunnenka, ba ni na faɗa ba. Manoma masu jirgi ne ke tunkarar dorina?

Jikan Sarkawa: Farautar dorina da zago kuwa sana'ar kakanninmu ce tun daga ƙasar Sanwai, kowa ya sani. Ka tambayi duk wanda ya san Sorko, masuntan Sanwai.

Wani Bakano: Ni dai ina karatu ina mamaki. Yauri da Kabi duk a banza bakwai kuke, me ye na faɗa?

Bakabe: Kai kuma wa ya kira ka? Mutumin da bai san ruwan da ya wuce na Tiga ba.

Ɗiyar Yelwa: A nan kam ina bayan Bakabe. Magatakarda, wa ya shigo da wannan cikin zauren? Masarautar da Mungo Park ya ratsa a 1806 kafin ruwa ya ci shi a Busa, wadda su Lander suka zo a 1830 suka zauna makonni suna jiran izinin Sarki, ita ce banza?

Wani Bakano: Hajiya ba ni na raɗa sunan ba, a makaranta aka koya mana.

Baban Tasha: To ka bar shi a makarantar. Nan maganar jirgi ake yi.

Mazaunin Ingila: Salamu alaikum. Na daɗe ina bin zancen, kuma ina ganin ƙorafin Ɗan Gungu na da tushe, domin abin da ya faru da su Baba ya taɓa faruwa a nan inda nake. Mutane na ɗauka tseren jirgi wasan 'yan jami'a ne saboda gasar Okusfod da Kambirij da aka fara a 1829. Alhali 'yan fito ne suka fara shi a kogin Tems, masu ƙetarar da mutane don a biya su. Tserensu na shekara-shekara, daga gadar Landan zuwa Chelsi, tun 1715 ake yin sa, har gobe ba a daina ba. Da masu hali suka shigo suka kafa ƙungiyoyi masu rajista da tuta, sai suka rubuta doka. A 1879 masu shirya babbar gasar tseren jirgi ta garin Henli suka ce duk wanda ke aikin hannu don a biya shi, makaniki ne ko mai sana'a ko lebura, ba zai shiga ba. Wato waɗanda suka gaji tuƙin aka fara korewa. Ma'aikata sai da suka kafa tasu hukumar daban a 1890, ba a haɗe biyun ba sai 1956. A 1920 an hana wani Ba'amurke, Jack Kelly, shiga Henli, mutumin da ya fara da aikin birkila, a shekarar nan kuma ya je Olamfik ya ci zinare biyu. Sai a 1937 aka soke dokar aikin hannun.

Abin da ya sa na kawo wannan, ƙananan ƙungiyoyin unguwa da yawa a nan, in ka duba allon da ke ƙofarsu za ka ga shekarar da aka rubuta tsarin mulki da sunan attajirin da ya ba da fili. Waɗanda suka shekara suna tuƙi kafin nan, sai dai jikokinsu su ba ka labari. Don haka littafin nan na ajami kada a raina shi. A ɗauki hotonsa shafi-shafi tun bai lalace ba.

Jikan Sarkawa: Wato yanzu Alhaji ya zama Bature mai korar talakawa? Da baƙo ne, yanzu kuma ɗan mulkin mallaka. Mutumin da ya sayar da buhunan busasshen kifinsa ya saya wa yaran unguwa jirgi biyu lokacin da na su Baba ya ruɓe yana jibge a bakin mashaya? Wa ya kora?

Mazaunin Ingila: Ban ce ya kori kowa ba ɗan'uwa. Misali na kawo.

Magatakardan Zaure: Misalin bai dace ba. Kuma a zauna a Ingila ana koya mana tarihin mashayarmu, wannan ma abin dubawa ne.

Na Yamai: Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Ni wata tambaya gare ni ga na Ingila. Abin da su ka yi can da wanda mu ka yi nan ai ba ɗaya ba ne. Su baya suke ba inda za su, filafilansu a ɗaure ga jikin jirgi, kujera tana zamewa. Mu gaba muke kallo, filafili a hannu. Mu nan Nijar mun gani da idonmu. A Olamfik ta Landan 2012 an kai Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu a Yamai, wata uku kacal ya yi yana koyon irin nasu. Mita 2,000 ya yi ta a minti 8 da wani abu, shi ne na ƙarshe, amma duk filin ya tashi yana yi mai tafi. Da tseren irin namu ne, yaran kogin Isa da na Kwara ba mai kama su.

Ƙaramin Matuƙi: Akwai irin namu a Olamfik ai, Yaya. Ayomide Bello ta wakilci Najeriya a tseren kwale-kwale a Tokiyo. Na baya-baya kuma Chierika Ukogu ce ta fara zuwa mana a Riyo 2016. Abin da ke ba mu haushi, ba a taɓa zuwa nan an duba mu ba. Filafilanmu ma yawanci sun tsage, da waya muke ɗaure su. In da za a bar faɗan nan a taimaka mana da ko guda goma.

Bakabe: Ku zo Argungu a ara muku.

Ɗiyar Yelwa: Allah ya kiyaye.

Inna Mai Kifi: 'Yata ce ke rubuta mini, ni ban iya latsa waya ba. Na ji an karanta mini duk abin da kuka ce. Ɗan Gungu, ni ƙawar mahaifiyarka ce, tare aka kwaso mu. Gaskiya ne iyayenku maza sun yi karo-karo, amma kuɗin bai kai ba. Mu mata muka cika, da kuɗin kifin da muke bandawa da na albasar da muka fara gwadawa a sabon wuri tana ƙin yi. Ranar da aka jawo gungumen daga daji mu muka dafa abincin gayya. Kuma wanda ya sassaƙa jirgin Basarke ne, bai karɓi cikakken ladansa ba, ya ce ragowar sadaka ce ga yara. Banufe ne ya kawo kwaltar da aka like shi. A lokacin ba wanda ke da bakin kiran wani baƙo, don gidajen da gwamnati ta gina mana mu duka ba mu san su ba, har ɓata muke yi mu shiga na makwabta. Sunan mace ko ɗaya yana cikin littafin naka? Duba ka gaya mini.

Ɗan Gungu: Inna, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Sunayen maza ne a ciki. Amma kin tabbatar da maganata, an yi jirgin, an yi tseren, tun kafin rajista.

Jikan Sarkawa: Ta tabbatar da tawa dai. Basarke ya sassaƙa! Inna Allah ya biya ki. Jirgin da kake taƙama da shi hannun baƙo ne ya fitar da shi daga cikin icce. Sai ka janye yanzu.

Ɗiyar Yelwa: Ku duba fa. Tsohuwa ta yi magana a kan mata, kowannenku ya tsinci abin da ya yi masa daɗi ya bar sauran. A walimar ma haka aka yi, matan da suka dafa abincin suna bayan rumfa, ba wanda ya ce musu sannu a lasifika. Kuma har yau ba a yarda yarinya ta shiga jirgin ƙungiya ba, alhali a ƙauyukan bakin tabki mata ke tuƙa kansu zuwa kasuwa.

Magatakardan Zaure: Hajiya wannan wani babi ne daban, kwamiti na da dalilansa.

Ɗiyar Yelwa: Waɗanne dalilai? Faɗe su a nan.

Baban Tasha: Ni abin da ya sa nake son ƙungiyar nan ta rayu, ko wa ya kafa ta, shi ne yaran yanzu inji kawai suka sani. In inji ya mutu a tsakiyar ruwa sai salati. Itatuwan da tabki ya rufe tun 1968 kututturansu na nan a ƙasa suna jiran jirgi. Kun manta abin da ya faru kusa da Wara a watan Mayun 2021? Jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse, aka yi kwanaki ana tsamo bayin Allah. Waɗanda suka fita ceto da ƙananan jirage, masu filafili ne, kuma ba wanda ya tambaye su ƙabilarsu.

Direban Jirgin Inji: Baba da girmanka, kada a ɗora mana. Lodi ne ya yi yawa, kuma rashin hanyar mota ke sa mutane cika jirgi. Inji bai taɓa kashe kowa ba. Ku masu filafili awa nawa za ku yi kafin ku kai mai naƙuda asibiti?

Baban Tasha: Wa ke yin lodin in ba ku ba? Rigar ruwa nawa ce a jirginka yanzu haka?

Direban Jirgin Inji: A tambayi masu rabawa. Mu ma saya muke yi, kuma fasinja ba ya yarda a ƙara masa ko naira hamsin.

Jikan Sarkawa: Duk an watse an bar maganar. Ni ba zan bar ta ba. Ɗan Gungu, kalma ɗaya ce, ka janye ko ba ka janye ba?

Ɗan Gungu: A karanta sunan mahaifina da na abokansa a bainar jama'a kamar yadda aka karanta na Alhaji. Ranar nan ka zo ka tambaye ni.

Jikan Sarkawa: To ni ma daga yau na daina biyan kuɗin wata, tunda kuɗin baƙo ne. Ƙannena biyu da ke tuƙi a jirgin gaba su ma na janye su. Mu ga wanda zai riƙe muku kan jirgi ranar Rigata.

Ƙaramin Matuƙi: Don Allah Yaya kada ka yi haka, saura 'yan makonni, kuma su ne suka san juyawa a wurin tuta.

Malamin Makaranta: Shawarata, a haɗa littafin, da hoton, da takardar rajista, a zauna da Inna da Baban Tasha a naɗi muryarsu tun suna raye. Tarihin zai iya ɗaukar kowa: waɗanda suka fara, wanda ya sassaƙa, matan da suka cika kuɗi, da wanda ya farfaɗo da ita ya yi rajista. Ni zan rubuta kyauta.

Wani Bakano: Wannan ita ce magana.

Bakabe: Kai har yanzu kana nan?

Magatakardan Zaure: Jama'a, zancen ya yi tsawo, zan taƙaita in rufe.

Abin da ya fito fili shi ne, takarda ɗaya tak ke akwai mai hatimin hukuma da sunan ƙungiya a kanta, ita ce ta rajistar da Alhaji ya yi da kuɗinsa, kuma ba wanda ya musa wannan. Littafin da aka ambata ba mu gan shi ba, babu shekara a jikinsa, kuma an nuna cewa maganar sule ba ta tabbatar da komai. Hoton ma an bayyana cewa irinsa na kowane gida. Ba a hana cewa dattawa sun taɓa yin tsere a mashaya ba, Allah ya jiƙansu, amma taron Juma'a daban, ƙungiya daban, kuma jirginsu ya riga ya ruɓe kafin Alhaji ya sayo sababbi. Shaidar Inna ta nuna cewa ko wancan jirgin ma Basarke ne ya sassaƙa shi. Don haka mafi yawan waɗanda suka yi magana sun gamsu cewa tarihin da kwamiti ya karanta daidai yake.

Kalmar da ta jawo fitina kuwa kowa ya yi tir da ita, har da Baba wanda ya girme mu duka. Muna jiran mai ita ya janye a rubuce, in ba haka ba za a dakatar da shi daga zauren na wata ɗaya. Jikan Sarkawa muna ba ka haƙuri a madadin kwamiti, ka bar ƙannenka su zo atisaye. Labarin Ingila da na Argungu da na inji ba su shafe mu ba. Bakano na cire shi.

Mai littafi in ya ga dama ya kawo wa kwamiti ranar Asabar bayan La'asar a gidan Alhaji, kwamiti ne zai duba ya ga ko akwai abin ɗauka. Maganar filafilai, Alhaji ya yi alkawarin guda goma, a tura yara biyu su karɓo gobe. Na rufe sharhi.